Daga Bakin Shago: Ranar da Na Rufe wa Fanka Baki

Mu a nan Garwa bazara ta fara buɗe ido, tun ƙarfe goma na safe ƙofar shago ba ta taɓuwa.

Yau ba zancen kwastan ko canjin kuɗi zan yi ba. Zancen fanka zan yi, 'yar fankar nan da ke cikin akwatin kwamfutar tebur, wadda da ƙyar ta kai faɗin tafin hannu. Na san wani zai ce Alhaji ya rasa abin rubutawa. To, a yi haƙuri a karanta, domin wannan 'yar fankar ta taɓa jawo mini asarar da har yau ban san iyakarta ba, ta kuma kusa raba ni da aminina na shekara ashirin.

Waɗanda suka saba karanta ni sun san atamfa da shadda da yadi nake sayarwa, kuma rabin cinikinmu bashi ne. Mutum ya zo daga Marwa ko Kusiri ya ɗauki turmi talatin, ya ba da rabi, ya ce saura bayan Sallah. Haka muka gada. Shekara da shekaru a babban littafi nake rubutawa, har ɗana na fari ya matsa mini na sayi kwamfuta, irin tsofaffin nan na ofisoshin Turai da ake saukewa a Duwala. Ya tsara mini jadawali a Excel, sunan kowa da kayansa da abin da ya rage. Na ji daɗin abin ƙwarai. Shekarar farko ina rubutawa wuri biyu, daga baya na ga wahala ce, na jefa littafin cikin akwati. Yaron kuma ya tafi jami'a a Ngaundere, ya bar ni da ita.

Da yake sai bayan isha'i nake samun natsuwar lissafi, sai na ɗauko ta daga shago na kawo falo. Bango ɗaya ne tsakanin falon da ɗakin uwargida. Da farko ba a jin komai sai ɗan huci. Ana nan ana nan hucin ya zama ƙugi, ƙugin ya zama gurnani. Wata rana Hajiya ta leƙo ta ce, "Alhaji, wai injin markaɗe ka sayo mana ne? In haka ne a faɗa wa maƙwabta su kawo wake."

Na ce, "Haba Hajiya, 'yar ƙarar nan?"

Ta ce, "Kai da kake zaune gabanta ka saba. Ni ce kaina ke sarawa har asuba."

Gaskiya ta faɗa. Amma maimakon in nemi wanda ya sani, sai na shiga yi wa abin magani da kaina, na kuwa tafka kuskure uku a jere. Da hunturu ya shigo, na lulluɓe akwatin da ragowar shadda, wai kada ƙura ta shiga, kuma ko tana aiki ban cirewa. Ƙara ta ƙaru. Sai na tura ta cikin kabad ɗin ƙarƙashin tebur na rufe ƙofa. Ƙarar ta koma kamar ta mai minshari a cikin bargo, amma tana nan. Daga ƙarshe na ɗauko sukundireba na buɗe gefen akwatin, na kasa kunne, na gano fankar baya ce ke gurnanin, na kama wayarta na zare. Wuri ya yi tsit. Na mayar da ita kabad, na ƙwala wa Hajiya kira na ce, "Kin ga aikin maza." Ta ce, "Allah Ya sa a dace."

Ba a dace ba. Da zafi ya kankama, kwamfutar ta fara nawa, in na danna abu sai na ƙirga goma kafin ya buɗe. Sai ta fara mutuwa da kanta ina tsakiyar aiki, ni kuma in ɗora wa masu wuta laifi, alhali ƙwan falo yana ci. Sai wata sabuwar ƙara ta ɓullo, 'yar siririya, ƙas, ƙas, ƙas. Autata ce ta fara ji. Ta ce, "Baba, kwamfutarka ta koma agogo." Na ce ta je ta kwanta.

Azumin 2023 ne, wanda ya faɗo tsakanin Maris da Afrilu, tsakiyar zafi kuma tsakiyar cinikin Sallah. A cikin goman ƙarshe, ranar da na fitar da kaya bashi fiye da kowace rana a shekarar, na dawo gida na kunna ta, ta ƙi tashi.

Washegari na kai ta wurin wani yaro mai gyara a kasuwa, sa'an ɗana. Da ya buɗe, ƙurar da ke ciki ta haɗu da ɓurɓushin yadin da ta kwaso tun tana shago, ta zama kamar audugar katifa. Ya ɗago wayar nan da ke lilo ya ce, "Baba, wa ya cire wannan?" Na ce, "Yara ne." Allah Ya yafe mini, daga baya na gaya masa gaskiya. Ya kwana biyu yana fama, sannan ya ce faifan ajiyar bayanai, wanda suke kira had-dis, ya mutu, babu abin da zai iya cirowa. Ya ce, "Baba, ba zan rantse zafi kaɗai ya kashe shi ba, don dama tsoho ne. Amma zafin da ya sha da mutuwar da take yi kwatsam su suka ƙarasa shi. Kuma ƙas-ƙas ɗin nan sallama yake yi muku."

Ɗana yana da kwafi a filas, amma na wata goma sha huɗu baya. Duk abin da ya shiga ya fita bayan nan sai abin da kaina ya riƙe. Bayan Sallah na bi mutane ɗaya bayan ɗaya ina tambaya, "Nawa nake binka?" Ɗan kasuwa ya san nauyin wannan tambaya a baki. Alhamdu lillahi, mafi yawa mutanen kirki ne. Wata baiwar Allah mai kai kaya ƙauyuka ta buɗe ɗan littafinta ta faɗi abin da ya fi wanda na tuna. Wasu kuwa bashinsu ya rame dare ɗaya. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne na aminina. Ni na tuna turmi arba'in, shi ya tuna ashirin da biyar, kuma babu mai takarda a cikinmu. Wata biyar daga sallama ba ma ƙara komai, sai da dattawan unguwa suka zaunar da mu aka raba bambancin biyu. Har yau ban san wanda ke da gaskiya ba, mai yiwuwa ma shi ne.

Tun daga nan na mayar da yaron nan malamina. Duk ranar da kasuwa ta yi sanyi sai in je in zauna a benci ina kallonsa ina tambaya, in dawo gida in ƙara da karatu. Abin da na tsinta ke nan zan raba da ku.

Me ya kawo fanka cikin kwamfuta?

Duk wutar da kwamfuta ta sha, zafi take komawa. Ƙwaƙwalwar kwamfutar ofis, wato farosesa, da yawansu an yi su ne a kan wat 65. Wanda ya taɓa kama tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 yana ci ya san abin da nake nufi. To, wannan zafin yana fitowa ne daga abin da faɗinsa bai wuce kwalin ashana ba. Shi ya sa ake ɗora masa wani ƙarfe mai haƙora kamar mataji, ya tsotse zafin ya baza, fanka kuma ta hura iska ta tsakanin haƙoran ta kwashe. Duk wanda ya yi tafiya a babbar mota ya san lagireto da fankarsa, aikin ɗaya ne.

Yawanci za ka samu fanka uku. Akwai ta kan ƙwaƙwalwa, akwai ta cikin akwatin wuta inda wayar lantarki ke shiga, akwai ta jikin babban akwatin, galibi a baya. Kwamfutar da yara ke wasanni da ita tana da ƙarin wasu a katin hoto. An tsara su ne iska ta shiga ta gaba, ta ratsa kan kayan ciki, ta fita ta baya ko ta sama. Da na lulluɓe tawa da shadda na toshe mashiga. Da na rufe ta a kabad, iskar da ta fitar mai zafi ita take sake shaƙa. Da na zare fankar baya kuwa na kashe babbar mafita.

Ga wani abu da ya kamata mu mazauna ƙasashen zafi mu riƙe. Fanka ba ta sanyaya iska, musanya ta kawai take yi. Kwamfutar da aka kawo daga Turai ta yi rayuwarta a ofis mai digiri 22 ko kusa da haka. A Garwa ko Njamena ko Yamai, a watan Afrilu zafi yana haura digiri 40, balle a shago mai rufin kwano. Wannan bambancin na kusan digiri 20 kai tsaye yake hawa kan na ƙwaƙwalwar, fanka kuma ta ƙara gudu don ta rama. Saboda haka na'urar da ta yi shekaru shiru a can za ta iya zuwa nan ta yi ta huci, ba don dillali ya cuce ka ba. Idan ƙwaƙwalwar ta doshi digiri 100, zafin da ruwa ke tafasa, sai ta rage wa kanta gudu, nawar da na gani ke nan. In abin ya ƙi sai ta kashe kanta don kada ta ƙone. Faifan ajiya kuwa bai da wannan juriyar, yawancinsu iyakar da masu ƙera su suka sa ba ta wuce digiri 55 zuwa 60 ba.

Kowace ƙara da abin da take faɗa

Direban da ya ƙware yana jin ciwon mota tun kafin bakanike ya buɗe. Haka ita ma kwamfuta.

Huci mai santsi, wanda ke tashi in aiki ya yi nauyi ya sauka in an huta, lafiya ce. In kuwa hucin ya tashi ya ƙi sauka ko ba ka yin komai, to ko ƙura ta toshe haƙoran ƙarfen nan, ko iska ba ta samun hanya, ko wata manhaja ce ke cin ƙarfin na'urar a ɓoye. A Windows, in ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, za ka ga jerin abin da ke aiki da wanda ya fi ci.

Gurnani ko gurzawa, musamman da an kunna, alamar tsakiyar fankar ce ta gaji. Fanka mai araha sandarta tana juyawa ne cikin ɗan bututu mai maiƙo, zafi da ƙura kuma suna busar da maiƙon. Mai boris ta fi jure zafi. Wannan ne ciwon tawa, kuma kuɗin sabuwa bai kai ribar turmi biyu ba.

Tar-tar-tar kamar yaro ya sa kwali a sifokin keke, waya ce ke taɓa fukafukin fanka. A ɗaure ta gefe, magana ta ƙare. Rawar ƙarfe kuwa, wadda in ka dafa akwatin take ɗaukewa, sukuru ne ya kwance ko murfi bai zauna daidai ba.

Ƙas-ƙas mai maimaituwa ba ta fanka ba ce, ta faifan ajiya ce. Ranar da ka ji ta, kada ka kwana ba ka kwashe bayananka ba. Ko baƙi ne a falo, ka ba su haƙuri.

Sai shiru na farat ɗaya. Na'urar da ta saba huci, yau ka kunna ba ka ji komai ba, kada ka yi murna irin tawa. Ka kai hannu bayanta ka ji ko iska tana fita. Akwai sababbin fankoki da aka yi su su tsaya da gangan in babu zafi, amma tsofaffin da muke saye ba kasafai suke haka ba.

In kana son gano wadda ke ƙarar, ka naɗe takarda kamar bututu, ka sa baki ɗaya a kunne, ka bi su ɗaya-ɗaya da ɗaya bakin.

Yadda ake rage ƙara ba tare da an kashe majinyaci ba

Ana auna ƙara da desibal. Raɗa tana kusan 30, hira ta yau da kullum kusan 60. Lissafinsa ba irin na kasuwa ba ne. Ƙarin desibal 10 kunne yana jin sa kamar an ninka ƙarar, amma in ka haɗa fanka biyu masu ƙara iri ɗaya, desibal 3 kacal ke ƙaruwa. Gudu shi ne babban mai kawo ƙara. Injiniyoyi suna da lissafin cewa in aka rage gudun fanka da rabi, ƙararta tana sauka da wajen desibal 15. Kun ga ke nan fanka biyu masu tafiya a hankali sun fi ɗaya mai tsere daɗin zama.

Girma ma haka. Fankokin akwati sun fi zuwa da milimita 80, 92, 120 da 140. Babba tana kwasar iska mai yawa a juyi ɗaya, don haka ba ta buƙatar gudu. Mai milimita 120 tana iya yin aikinta a juyi 1,000 cikin minti ɗaya, ƙarama kuwa sai ta ninka haka ko fiye kafin ta kamo ta, tana yi tana tsiwa. Ku tuna fankar sili da 'yar fankar tebur, wacce ta fi barin mutum ya yi barci? Saboda haka mai shirin saye, in wuri bai yi maka kaɗan ba, ka ɗauki babban akwati mai tsayi, ka bar siraran nan masu kyan gani. Siriri ba ya ɗaukar babbar fanka, kuma ciki a cushe yake. Ka sa a kunna maka ita a shagon, a buɗe bidiyo ta yi minti goma sha biyar, ka kai kunne kusa. Ƙarar kasuwa tana ɓoye aibi, daren gida shi ke tona shi.

Ka kuma duba wayar fankar. Mai waya uku da mai waya huɗu ne suka fi yawa. Ta huɗun ita ke ba kwamfuta damar juya gudun fankar daidai da zafi, ta lallaɓa in an huta, ta tashi in aiki ya zo. A wasu na'urorin ana saita wannan a shafin da ke buɗewa in ka danna F2 ko Del da zarar ka kunna, amma in ba ka saba ba ka bar wa mai gyara. Wasu kwamfutocin ofis kuma bakin wayar fankarsu daban yake da na gama-gari, don haka in za ka sayo sabuwa ka tafi da tsohuwar a aljihu. Wajen ɗaurawa a duba jikin fankar, yawanci akwai 'yar kibiya da ke nuna inda iska ke bi. Na ga wanda aka ɗaura masa ta baya a juye, tana tura zafi ciki.

Amma kafin a kai ga sayen komai, shara ce kan gaba, ita ce kuma ba ta cin ko sisi. Ka kashe na'urar, ka zare waya daga bango, ka fitar da ita tsakar gida. Ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa kayan ciki. Ka sa buroshin fenti mai laushi, busasshe, ka kakkaɓe haƙoran ƙarfen da fukafukan, sannan a hura da bulowa. Lokacin hurawa ka danne fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Ban da ruwa, ban da hurawa da baki, ban da kai ta wurin mai faci, don iskar injinsa tana da ƙarfi kuma takan zo da danshi. Akwatin wuta kuwa kada ka kuskura ka buɗe shi, akwai abubuwan da ke riƙe wuta a ciki ko bayan an zare waya. Daga waje za ka hura shi. In fankarsa ce ta lalace, aikin mai gyara ne.

Mu na arewa, ni dai abin da nake yi shi ne shara sau ɗaya a tsakiyar hunturu, sau ɗaya a ƙarshensa kafin zafi ya shigo, sannan bayan damina. Mai shagon yadi ko hatsi ko siminti ya ƙara a kan haka. 'Yan'uwa na Kwatano da Lome da Duwala kada ku ce ba ruwanku. Ƙurarku ba ta kai tamu ba, amma danshi yana dama ta ta kama ƙarfe kamar laka, iskar teku kuma tana kawo tsatsa.

Sai mazauni. Kada a ajiye akwatin a ƙasa kan kafet ko darduma, nan ne ƙura ke kwana. A ɗora shi kan ɗan benci, a bar masa aƙalla taƙi ɗaya tsakaninsa da bango, kada rana ta riƙa dukansa ta taga. In za a lulluɓe, sai bayan an kashe ya huce. Mai son tace ƙura yana iya ɗaura ƙyallen gidan sauro a mashigar gaba, da sharaɗin zai riƙa kakkaɓe shi duk mako, in ba haka ba ya koma shaddata. Wasu suna cire murfin gefe su kafa wa na'urar fankar tsaye. A ranar tsananin zafi yana fitar da mutum kunya, amma kada ya zama ɗabi'a. Ƙura za ta samu ƙofa, kyankyasai da tsaka za su tare, ga kuma yatsun jikoki.

Abu biyu suka rage. Tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen da ke kanta akwai wani man shafawa mai launin toka da ke miƙa zafi daga wannan zuwa wancan. In ya shekara da yawa yakan bushe, kuma tsohuwar kwamfutar da ka saya mai yiwuwa tun daga masana'anta ba a taɓa canza shi ba. Mai gyara zai goge ya ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. Kada wani ya ruɗe ka da man goge baki. Fanka mai gurnani kuma, in sabuwa ba ta samu ba, ana ɗaga takardar da ke manne a bayanta a ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya. Man keke na ce, ban ce man gyaɗa ba. Wannan ma jinkiri ne kawai, ka ci gaba da neman sabuwa.

Ni yanzu an sa mini fanka mai milimita 120 a baya, an canza man nan, an kuma maye gurbin mataccen faifan da irin sabon ma'ajin da ake kira SSD. Tsohon faifai yana juyawa ne sau 5,400 ko 7,200 a minti, shi kuwa wannan babu abin da ke motsi a cikinsa, don haka ba shi da ƙara. Sai dai ku lura, rashin ƙarar yana nufin ranar da zai mutu ba lallai ya yi sallama ba. Don haka duk Juma'a ina kwafe lissafina a filas biyu, ɗaya a gida ɗaya a shago, in kuma tura wa ɗana. Babban littafina ma na ciro shi daga akwati. Duk wanda ya ɗauki kaya bashi yanzu sai ya sa hannu, ni da shi kowa ya riƙe takarda, ko da ɗan'uwana ne ciki ɗaya. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Na san da ita tun ina makarantar allo, sai da na sha wuya na yi aiki da ita yadda ya kamata.

Kwanakin baya ina zaune ina lissafi wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare, Hajiya ta fito shan ruwa ta gan ni. Ta ce, "Au, Alhaji, dama kana nan? Na zaci yau ba ka kunna ba." Na ce tun bayan isha'i take aiki. Ta tsaya ta kasa kunne, sannan ta ce, "Ashe dai abin na gyaruwa ne. Da tun ranar da na yi magana ka kai ta wurin yaron nan, da turminka goma sha biyar ba su zama abin shari'a ba." Na buɗe baki zan kare kaina, na ga babu ta inda zan fara, na ce, "Haka ne, Hajiya." Autar kuwa na naɗa ta mai kula da kunne. In ta ji wata baƙuwar ƙara ta faɗa mini, tana da ladan sefa ɗari biyar. Sau biyu ta karɓa, ɗaya ma ƙarar firji ce, amma na biya.

Wanda ke da kwamfuta a shago ko a gida, don Allah yau in ka tashi ka kai hannu bayanta ka ji ko iska tana fita, ka leƙa mashigarta ka ga abin da hunturu ya bari. Bazara ta riga ta iso. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin da ake yi.

Allah Ya tsare mana dukiya da zumunci, Ya ba masu bashi ikon biya, Ya ba masu bi haƙuri. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.